Wa ya taɓa kafa jigo da hannunsa? Nawa ya tsage a kwana na uku

Kafinta daga Ringim

Assalamu alaikum jama'a. Shekarata 11 ina aikin ƙofa da gado da kujera, amma wannan aikin ya fi ƙarfina, shi ya sa na kawo shi gabanku. Mahaifinmu yana da ɗan lambu a fadama, albasa da tumatir da attaruhu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da lambun ya kawo sai ya tafi a fetur ɗin inji. Ruwan rijiyar bai kai mita 2 daga baki ba. Sai ya ce in kafa masa jigo, wato sandar nan mai lilo da ake ɗebo ruwa da ita, irin wanda ya tashi ya tarar a lambun kakanmu.

Na kafa turaku biyu na icen turare, na gicciya katako a kai na buga ƙusa inci 6. Na samo sanda mai mita 5, na huda ta a daidai mita 1 daga gindi, na zura rodi. A gindin na ɗaure bulo biyu na siminti, guga kuma na yanka jarka mai lita 20. Da aka fara, sai ka sa duk ƙarfinka kafin gugan ya fito, tsoho ya yi goma ya zauna yana haki. A kwana na uku sandar ta tsage daga wurin hudar. Don Allah duk wanda ya taɓa yi, ko ya ga an yi a gabansa, ya taimaka.

Baba Mai Albasa, Wudil

Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Na ja jigo tun ban fi shekara 12 ba, har zuwa lokacin da injuna suka cika fadama.

Ba a huda sandar jigo. Nan ne duk nauyin yake taruwa, kai kuma nan ka rage mata ƙarfi. Gwafa biyu ake kafawa, a ɗora ɗan gajeren ice a bakinsu ba tare da ƙusa ba, sannan a rataye doguwar sandar a ƙarƙashinsa da igiya, ɗauri mai ɗan sako-sako yadda za ta riƙa lilo. Igiyar ce take cinyewa, ita kuwa ko yau ka canza ta. Mu da igiyar kaba muke yi, ko ta rama in an murɗa ta da kyau.

Gwafa ka nemi ƙirya, in ba ka samu ba marke. Ka babbake gindin da zai shiga ƙasa har ya yi baƙi saboda gara. Turare yana tsagewa in ya bushe, ka bar shi wa masu rufin ɗaki. Kuma lokacin ɗari ake saran ice, ba da damina ba da yake cike da ruwa.

Sai babbar maganar, nauyin gindi. Ka cire bulon nan. Laka ake kwaɓawa da ciyawa kamar za a yi tubali, a riƙa manna ta a gindin sandar dunƙule-dunƙule, ana yi ana gwadawa. Ka cika gugan, ka sake shi. In ya taso a hankali kana tallafa masa da yatsu biyu, to ya yi. Wahalar mai jigo a saukar da guga take, ba a ɗago shi ba, kuma saukarwar da nauyin jikinka kake yi, ba da ƙarfin baya ba. Washegari ka dawo da wata lakar a hannu, domin ta jiya ta sha rana ta rage nauyi. Kwana uku ana wannan ƙarin kafin ta tsaya. Bulo ba ya karɓar ƙari, ba ya karɓar ragi.

Lita 20 kuma ta yi wa tsoho yawa. Babbar ƙwarya muke sawa, ko wasaki. Kuma tsakanin kan sanda da guga kada ka sa igiya zalla, ka sa siririyar gora, da ita za ka danna gugan ya nutse.

Kafinta daga Ringim

Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi hudar nan ita na ɗauka gwaninta ce. Ƙirya ta yi wuya a wajenmu, masu gawayi sun gama da ita, amma akwai marke.

Malamin Fasaha, Zariya

Abin da Baba ya faɗa lissafi ma ya gaskata shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Kai ka bar mita 4 a gaba, mita 1 a baya, ke nan jarkarka tana neman kilo 80 a gindi, ban da nauyin doguwar sandar kanta. Bulonka biyu da ƙyar su wuce rabin haka. Ka mayar da ɗaurin ya zama kashi uku a gaba, ɗaya a baya, guga lita 12, za ka ga laka mai kamar kilo 45 ta isa. Jigo tsohon abu ne ƙwarai, akwai zanensa a kabarin wani mai suna Ifuyi a Deir el-Medina ta Masar, sama da shekara 3,000 ke nan, kuma har dunƙulen lakar yana jikin zanen.

Ni nawa gwajin da ɗalibaina ne, wata na'ura mai murɗe kamar dodon koɗi wadda ake jingina wa Arkimidis, wani masanin lissafi na Girkawan dā, manoman Masar suna ce mata tambur. Mun bi awon da wani maginin Rumawa, Bitrubiyus, ya rubuta tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS): tsawon icen tsakiya ya ninka kaurinsa sau 16. Muka sa masassaƙi ya fere mana maɗaci da gizago, tsawo mita 2.4, kauri santimita 15. Kwana biyu ya yi yana juya shi a kan gwafa yana duba shi da ido ɗaya, ya ƙi yarda a taɓa masa da inji. Shi maginin ya ce a naɗe siraran rassa a jikin icen, layi takwas, ana shafa musu baƙin danko ana ɗora wani kan wani har kaurin duka ya kai kashi ɗaya cikin takwas na tsawon. Mu gwangwala muka tsaga sirara, muka jiƙa ta kwana biyu don ta lanƙwasu, muka yi layi biyu kawai, muka narka kwalta. Daga nan muka rufe da siraran katakai muka ɗaure da waya. An jingina ta yadda ya ce, in tsawon biyar ne to tashin uku.

Ranar farko ta yi aiki. Yaro ɗaya yana juyawa, ruwa yana bulbulowa ta sama ba yankewa, tsayin ɗan fiye da mita 1. Har yanzu ina tuna shirun da ajin ya yi. Sai aka tafi hutu, muka bar ta a jingine a rana. Da muka dawo, tsakanin katako da katako ana hango haske, ka juya har ka gaji ruwan yana zubewa ta ciki. Na fara shirin kwance ta, masassaƙin ya ce kada in taɓa, in jefa ta kududdufi in ɗora dutse. Bayan kwana uku icen ya kumbura, ta rufe kanta. Tun daga nan ba ta kwana a tudu.

Uwar Biyu, Gwarzo

Sannunku da ƙoƙari. Ni da marigayi maigidana mun yi shekaru muna ban ruwa da jigo, kuma ina so in ja hankalin ƙanena kafinta kan abin da maza ba su ambata ba.

Inda ruwan yake zuba shi ya fi ba mu wahala. Mako ɗaya wurin ya zaizaye, laka tana komawa rijiya, mai ja kuma yana tsaye cikin santsi. Sau ɗaya ƙafata ta zame, saura kaɗan in faɗa. Sai maigidan ya samo guntun giginya ya rarake shi kamar kwami, ya kwantar daga bakin rijiya zuwa hanyar ruwa, ya gicciya itace biyu masu faɗi wurin tsayawa. Ka fara yin wannan kafin ma gwafa.

Kuma kada a rufe maka gaskiya. Mun taɓa ƙirgawa, guga shida a minti ɗaya in jiki da ƙarfi, daga asuba zuwa hantsi, mutum ɗaya yana ja, ɗaya yana buɗe fangali yana toshewa da fartanya. Abin da muke iya shayarwa ɗan fili ne, abincin gida da na cefane. In lambun Baba ya kai kadada, jigo ba zai maye inji ba. Ku ware masa wurin iri da fangulan da suke kusa da rijiya, sauran a tayar da inji kwana bi-biyu ko uku-uku.

Ɗan Tabelot

Salamu alaikum 'yan uwa, gaisuwa daga jihar Agadas. Mu rijiyoyin garkarmu sun fi naku zurfi, jigo ba ya kaiwa, sai takarkart, wato gugan da dabba take ja. Da yawa sun koma inji, amma in esansi, wato fetur, ya yi tsada akwai masu komawa ga raƙumi.

Na taya kawuna gyara tamu bara. Itace biyu dogaye ake kafawa su ɗan sunkuya a kan bakin rijiya, a tokare su ta baya. A sama akwai faifan ice mai kwari a gefensa inda babbar igiya take bi, a ƙasa kuma wani ɗan mulmulallen ice mai juyawa don ƙaramar igiya. Gugan fata ne babba mai dogon wutsiya kamar hannun riga. Yayin da yake tasowa, ƙaramar igiyar tana riƙe bakin wutsiyar a sama, ruwa ba ya zuba. Da ya iso baki, wutsiyar ta miƙe, ruwan ya kwarara cikin rarakakken icen goruba da kansa, ba wanda ya taɓa. Yaro ɗaya ne kawai yake jan dabba, ya je ya dawo a kan hanyar da tsawonta yake daidai da zurfin rijiyar.

Faifan muka sake, daga icen aduwa. Ni na gaggauta, na so in faɗaɗa ramin tsakiya da wuƙa. Kawu ya karɓe, ya sa ƙarfe a wuta ya riƙa ƙona ramin kaɗan-kaɗan yana gwadawa a sandar. Ya ce in ramin ya kauce ko da faɗin farce ne, faifan zai riƙa rawa, ya ci igiya cikin wata ɗaya. Abin da ya ci mana yini guda kuwa shi ne daidaita igiyoyin biyu. In ƙaramar ta yi tsawo, ruwa ya zube a hanya. In ta gajarta, gugan ba ya cika. Ƙulli muke ƙarawa muna kwancewa har la'asar.

Bahaushen Kasala

Barkanku da wannan zance. Mu a nan Kasala ta Sudan har yau lambunan gefen kogin Gash sawagi ake ce musu, jam'in sagiya ke nan, na'urar ɗebo ruwa da shanu suke juyawa, ko da yake injuna ne a ciki tun da daɗewa. Ina saurayi na yi aiki a lambun wani dattijo mutumin Dongola wanda ya ƙi rabuwa da tasa, kuma na riƙe masa ice sau da yawa yana gyara.

Ƙafa ce babba mai kewaye kamar ta amalanke, a kwance, mai haƙoran ice, shanu suna zagayawa da ita. Haƙoranta suna shiga na wata ƙafar da take tsaye, ita kuma tana juya wata ta uku da aka rataya wa igiya mai jerin tuluna, gadus suke ce musu. Kowane tulu yana da ɗan ƙululu a gindi inda ake ɗaure shi. Icen duka gabaruwa ne, wadda suke kira sunut, igiyar kuma ta zaren dabino.

Abin da ya sa na yi magana shi ne ƙusar da ɗan'uwa kafinta ya ambata. A duk na'urar nan ban ga ƙusa a haƙori ba. Kowane haƙori turke ne da aka fere, aka buga a rami, aka matse da 'yar tsinken ice. Ya kan ajiye busassun haƙora a rataye a inuwa, kuma ya fi son su ɗan fi jikin ƙafar taushi. Na tambaye shi dalili, ya ce in sa ya firgita ya fizga, gara haƙori ɗaya ya karye a sake shi kafin shayi ya huce, da ƙafar ta tsage a rasa ban ruwan mako biyu. Kukanta kuwa ana jinsa daga nesa, kuma daga kan gadonsa yake gane ko yaro ya yi barci ya bar shanu sun tsaya.

Malamin Fasaha, Zariya

Wani ya tambaye ni a gefe ko za a iya yin wadda kogi yake juyawa da kansa. Akwai su a garin Hama na Siriya a kan kogin Asi, guda 17 suka rage, babbarsu mai suna Muhammadiyya ta kai mita 21, an gina ta a 1361. Amma sai ruwa mai gudu duk shekara, mu kuwa lokacin da muke buƙatar ban ruwa shi ne lokacin da kogunanmu suke kwanciya.

Kafinta daga Ringim

Jama'a na dawo da labari, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fara da shawarar Yaya Uwar Biyu, giginya ban samu ba, na haɗa kwami da ragowar katako na shafe da kwalta. Gwafa biyu na marke, na babbake gindinsu. Sandar darbejiya ce mai mita 4, ɗauri a mita 1, da igiyar rama, ba huda ba ƙusa. Guga na rage jarkar zuwa kamar lita 12, na sa gora.

Lakar ni na kwaɓa, amma tsoho ne ya manna. Da ya sa hannu sai na ga ashe bai manta ba, yana ɗorawa yana taɓa gugan, har ya ce in tsaya haka nan. Jiya ya shayar da wurin irin albasa gaba ɗaya kafin rana ta yi zafi, ƙanena yana buɗe masa fangali. Yau da safe gugan ya ɗan yi nauyi kamar yadda Baba ya faɗa, mun ƙara dunƙule biyu.

Saura abu ɗaya. Igiyar ratayen tana ƙara, kuma na ga ta fara gashi a inda take gogar icen sama. Baba, man kaɗe zan shafa, ko in naɗa tsohuwar fata a wurin?

Baba Mai Albasa, Wudil

Ka naɗa fatar, ɗana, ka jiƙa ta tukuna don ta kama icen in ta bushe. Man kaɗen a kan fatar za ka shafa, kada ya taɓa igiya. Ka gaishe mini da mahaifinka.