Wayar lantarki tsakanin Birtaniya da Norway: mene ne amfaninta?

Abban Hafsa: Assalamu alaikum. Don Allah masana su yi mana bayani, wane amfani Birtaniya take samu daga wayar lantarkin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku zuwa Norway, alhali tana da injinan iska masu yawa?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Sunan wayar North Sea Link, tsawonta kimanin kilomita 720, ta fara aiki a 2021, kuma tana ɗaukar megawat 1,400. Idan iska ta yi ƙarfi a Birtaniya har wuta ta yi rara, sai a tura ta Norway, su kuma su rage sakin ruwan madatsunsu. Idan iska ta lafa, sai su saki ruwan, wutar ta komo Birtaniya.

Malama Hadiza: Haka ne, Injiniya, amma mutanen kudancin Norway sun koka cewa kuɗin wuta ya tashi a wurinsu bayan buɗe wannan waya da wadda ta haɗa su da Jamus, kuma a ganina kukansu abin dubawa ne.

Injiniya Bala: Gaskiya ne, Malama, domin yawancin lokaci wutar daga Norway take fita.