Wace kalma za mu ba "sustainability" da Hausa?

Malamin makaranta, Agege:
Assalamu alaikum. An ba ni takardar wayar da kai kan shara in mayar da ita Hausa, za a karanta wa 'yan kasuwa a Mile 12. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: sustainability. Gidajen rediyo sun saba da "ci gaba mai ɗorewa" tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da muradunta 17 a 2015. To amma in na ce "ɗorewar muhalli" a gaban mai tumatir, me zai ɗauka?

Ɗalibi, Akoka:
Wa alaikumus salam. Malam, ai ɗorewa ta riga ta zauna. Ma'anar da aka fi kafa hujja da ita ta fito ne daga kwamitin da Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norwe ta jagoranta a 1987, wato mutanen yau su biya bukatunsu ba tare da sun tauye wa na gobe ba. Ɗorewa ta ɗauke wannan.

Dillalin gwangwan, Alaba Rago:
Ɗan makaranta, in ɗorewa ake nema, me ya kai leda? Je ka bolar Olusosun a Ojota ka tona, ledar da aka zubar tun kana goye tana nan ƙalau. Kalmarka ba ta faɗi wa zai yi aikin ba, ba ta kuma faɗi bakin wa za a cire tuwo ba.

Ku tuna 2018. Aka sauya tsarin kwasar shara a Legas, aka ture ƙananan 'yan kwangila gefe, aka hana masu tura kura. A takarda abin gwanin kyau. A ƙasa kuwa shara ta yi tsibi a kan tituna, domin babbar mota ba ta shiga lungu, mai kura ne ke shiga. Su kuma yaranmu 'yan jari bola da ake kora kamar ɓarayi, su ne ke ware roba daban, gwangwani daban, jan ƙarfe daban, a ɗora a sikeli a biya su kan kilo, mu tara mu kai kamfani a narke. Akwai ɓata-gari a cikinsu masu cire murfin kwalbati, ban musa ba. Amma wanda bai san wa ke saye daga hannun wa ba, bai san sharar Ikko ba.

Mai abinci, Idi-Araba:
Alhaji ka faɗi gaskiya. A Janairun 2024 aka hana farar robar nan mai kamar soso da muke zuba shinkafa. Hanin daidai ne, kowa ya ga yadda take toshe magudana da damina. Sai dai wadda ta maye gurbinta ta fi tsada, mai sayen abincin kuma ba zai ƙara ko sisi ba. Na ga masu ɗura miya da zafinta a leda suna ƙullewa. Malam, duk kalmar da za ka sa, a ji mu a cikinta.

Ɗalibi, Akoka:
Hajiya, abin da kika faɗa masana ma sun gano shi. Elinor Ostrom ta Amurka, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta bi diddigin masunta da makiyaya da manoman rani a ƙasashe da dama. Ta nuna cewa dukiyar da jama'a suka yi tarayya a kanta ta fi tsira inda masu amfani da ita ke da hannu wajen kafa doka, suna sa ido kan juna, hukunci kuma yana farawa daga ƙarami. Me zai hana mu ce "alkinta muhalli"? Ko "kiyaye muhalli"?

Dattijo, Obalende:
Ɗana, alkintawa ta abin da ke hannunka ce, ka adana kada ya lalace. Kiyayewa kuma mai kasuwa zai ji ta kamar an ce kada ya taɓa. Kun bar kalma a gida kuna nema a waje: tattali. In aka ce mace mai tattali ce, ai ba rowa ake nufi ba. Tana dafawa, kowa ya ƙoshi, buhun kuma ya kai ƙarshen wata. Tattali ba ya yin kansa, dole sai da mai yi, kuma sai mutanen gida sun yarda da tsarin. Da can haka aka riƙe burtali tsakanin manomi da makiyayi, sarkin noma da arɗo kowa ya san iyakarsa.

Ɗalibi, Akoka:
Baba, tsorona kada a rikita shi da tattalin arziki.

Dillalin gwangwan, Alaba Rago:
In sun rikita ma ba su yi nisa ba. Shara kuɗi ce, tambayi sikelina.

Malamin makaranta, Agege:
Na gode, Allah ya saka da alheri. A kan takardar zan sa "tattalin muhalli mai ɗorewa" sau ɗaya, saboda masu bin rediyo su gane abin da suka saba ji. Daga nan har ƙasa "tattalin muhalli" kawai. Inda Turancin ya yi maganar social system zan ce "tsarin zamantakewa", in kuma lissafa su da suna: mai kura, ɗan jari bola, dillali, mai abinci, shugabannin kasuwa, hukuma. Saura recycling. "Sake sarrafawa" nake da ita, amma Alhaji, ku a wajenku me kuke cewa?