Tsohon fayil na .htc ya ƙi aiki a Chrome, ina mafita?

Ɗan_Tudu: Assalamu alaikum. An ba ni gyaran tsohon shafin wata makaranta da aka rubuta tun zamanin Internet Explorer. Jadawalin jarabawa yana cikin fayil na .htc (HTML Components, tsohuwar hanyar haɗa sassan shafi a Internet Explorer), ana jawo shi da umarnin doImport. A Chrome fili kawai ke fitowa. Yaya zan sa JavaScript ya loda shi? Ɗalibai da waya suke dubawa, abin ya dame ni ƙwarai.

Malam_Lamba: Wa alaikumussalam. Ƙanena, kada ka wahalar da kanka. HTC na Microsoft ne kaɗai, ya zo da Internet Explorer 5, kuma Chrome bai taɓa saninsa ba. Sai ka sake rubutawa da custom elements, wato ka ƙirƙiri alamar HTML taka ta kanka. Ka yi class mai gadon HTMLElement, aikin zana jadawalin ka zuba shi cikin connectedCallback, wanda ke aiki da zarar alamar ta shiga shafi, sannan ka yi masa rajista da customElements.define. Dole sunan alamar ya ƙunshi karan ɗori, kamar jadawalin-jarabawa, in ba haka ba burauza za ta ƙi shi.

Uwar_Biyu: Tunda da waya ne, ka tausaya wa datarsu. Ka jawo sabon fayil ɗin na JavaScript da import() sai lokacin da aka buɗe jadawalin. Ko alamar ta riga shi zama a shafi, da zarar an yi rajista za ta fara aiki. Amma kada ka yi wa suna ɗaya rajista sau biyu, kuskure zai fito.

Ɗan_Tudu: Allah ya saka da alheri. Firefox fa, Malam?

Malam_Lamba: Yana karɓar custom elements tun Firefox 63, a 2018, import() kuma tun Firefox 67, a 2019.