Kwabo mai huda na 1936 da liyari mai 1780: yaya ake gane na gaske?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina da tsofaffin kuɗi a gwangwani: kwabo mai huda guda uku masu shekarar 1936 da sunan EDWARDVS VIII, sule biyu masu bishiyar kwakwa (ɗaya 1913, ɗaya 1947), sai wani babba fari mai hoton mace da 1780 a jiki. An ce mini kwabon miliyoyi yake yi saboda sarkin bai daɗe a mulki ba. Gaskiya ne? Kuma duk sun yi baƙi, in wanke su da toka da lemun tsami kafin in kai wa mai saye?

Malam na Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, don Allah kada ka wanke. Toka tana karce fuskar kuɗin, lemun tsami kuma yana cinye saman ƙarfen, kuma abin da aka cire ba ya dawowa. Mai saye da ya san harka, da ya ɗora gilashin ƙara girma ya ga ƙananan layuka sun bi hanya ɗaya zai karya farashin. Wannan duhun na shekaru, da shi ake son kuɗin.

Batun kwabo kuwa, gaskiya ne Edward VIII ya sauka a Disamba 1936 bai cika shekara ba. Amma kwabo da dari da anini masu sunansa an buga su da yawa ƙwarai, sun kuma yi yawo a kasuwa, don haka ba su da wuyar samu. Sa gilashi ka nemi ƙaramin harafi: H na nufin ma'aikatar Heaton a Birmingham, KN na King's Norton, in babu komai na gidan buga kuɗi na Landan ne.

Wanda ake nema shi ne wanda aka yi kuskuren haɗa hatimi biyu da ba na juna ba. Akwai na 1936 mai H da bayansa tauraro ne da BRITISH WEST AFRICA, amma gabansa na Gabashin Afirka ne: za ka ga TEN CENTS maimakon ONE PENNY, kuma babu rubutun Larabcin nan. Akwai kuma na 1945 da ke ɗauke da sunan Edward, da na 1956 mai sunan George VI alhali Elizabeth ce ke mulki. Juya naka ukun ka karanta duka fuskokin harafi da harafi.

Hajiyar Kawo:
Malam ya gama da kwabo, bari in taɓa babban. Liyari ne, hoton Maria Theresa ta Ostiriya. A 1780 ta rasu, kuma tun daga nan duk wanda aka sake bugawa 1780 ɗin ake sa masa, har a Landan, Faris, Rum da Bombay an buga shi. Saboda haka shekarar ba ta nuna tsufansa. Yawanci darajarsa ta azurfar jikinsa ce, in har azurfa ce, don jabu sun yi yawa.

Ka je wajen masu zinari a babbar kasuwa, suna da sikeli mai nuna har giram 0.01. Na gaske giram 28.06 ne, azurfa kashi 83.3 cikin ɗari, wato kimanin giram 23.4 na zallar azurfa. In ya sha hannu zai ɗan ragu, amma in ka ga 25 ko 26 ba tare da ya suɗe ba, akwai matsala. Dubi bakinsa: dole rubutun IUSTITIA ET CLEMENTIA ya fito ɓaro-ɓaro. Na zubi yakan nuna siririn layi ya zagaye bakin, inda ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu, ko alamar an goge wurin da zarto, ga 'yan ramuka kamar na allura a filin da babu rubutu.

Maganaɗisu kaɗai ba ya isa. In ya kama, jabu ne kai tsaye. In bai kama ba, ba a gama ba, don tagulla da darma ma ba sa kamawa. Gwajin ruwa ya fi. Auna shi a bushe ka rubuta. Ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifili. Ɗaure liyarin da zare, ka nutsa shi duka ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba. Zai nuna wajen 2.75. Raba nauyin farko da wannan, ya kamata ka samu kusan 10.2. In ka samu 8.5 zuwa 8.9, tagulla ce aka shafa wa azurfa. Kumfa da ke maƙale a jiki takan ɓata lissafin, sai ka girgiza zaren tukuna.

Kada ka yarda wani ya kankare bakinsa ko ya ɗiga masa asid don gwaji. In kuma yana da kunnen da aka liƙa don sarƙa, ya zama kayan ado, da nauyi za a saya.

Mai Sulalla:
Sulen 1913 azurfa ce kashi 92.5, giram 5.66 in bai suɗe ba. Na 1947 babu azurfa ko kaɗan, tagulla ce da nikel. Tun 1920 aka bar azurfa. Daga 1938 aka yi wa sule da fataka wani rami a tsakiyar baki mai zane a ciki, saboda masu buga jabu sun addabi gwamnati. In na 1947 ɗinka ramin ya cushe ko zanen ya yi dishi-dishi, wataƙila jabun wancan zamanin ne.

Wajen matakin kyau, kamfanonin tantance tsofaffin kuɗi irin su PCGS da NGC suna bin ma'auni daga 1 zuwa 70, daga 60 zuwa sama shi ne wanda bai taɓa yawo ba. Wanda aka wanke ba sa ba shi lamba, sai dai su rubuta an wanke. A gida, riƙe shi ta baki ƙarƙashin fitila ɗaya, ka karkata shi a hankali. Wuraren da suka fi tudu ne ke fara suɗewa: kambin sarki, ganyen kwakwa, layukan tauraro.

A kula da abin da ake kira kuskuren bugu. Hudar da ta kauce daga tsakiya kuskure ne na gaske in babu tsinin ƙarfe a bakinta. In gefe ya gutsure tun daga ma'aikata, bakin da ke daura da wurin ma yakan yi rauni. Amma in ka ga haruffa a juye kuma sun lotsa ciki, sau da yawa wani ne ya haɗa kuɗi biyu ya bubbuga da guduma, ko da yake irin wannan kuskuren yakan fito daga ma'aikata ma.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri. Duka ukun ONE PENNY ne, biyu H ɗaya KN. A ina zan ajiye su?

Malam na Unguwar Rimi:
Fitar da su daga gwangwanin yau, suna gogar juna kuma tsatsa tana shafarsu. Kowanne da 'yar ambulan ɗinsa ta takarda, ka rubuta shekara da harafi da nauyi a kai. Guji leda mai laushi ta PVC, da zafi tana fitar da wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfe. In ya riga ya kama, jiƙa kuɗin minti biyar a sinadarin asiton zalla, ba na goge farce mai mai ba, nesa da wuta, ka bar shi ya bushe da kansa ba shafawa. Laimar Agusta a Kaduna ba ta da sauƙi, don haka sa su a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa a kwalin takalmi, ka riƙa sauya su kowace damina. Duk wanda ya ce kwabonka yana jan shinkafa ko allura, ka fara biyan kuɗin gwaji, ɗan damfara ne. In ka auno liyarin, turo mana lambobin biyu da hoton bakinsa.