Musayar Waƙa a Kan Gicciye da Kafara

Malamin makarantar Lahadi, Gombe:

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Ganin Ista ta ƙarato, na kawo tambayar da matasa suke yawan yi mana, wato in Allah mai jinƙai ne, me ya sa gafarar zunubi ta bukaci gicciye. Amsa-amonmu shi ne "ra".

Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki,
Na buɗe baki, iyayena, ina neman shawara.
Allahn da ya ce haske ya kasance, ya kuwa kasance,
Me ya hana ya ce ya yafe, mu sami gafara?
Me ya sa sai da aka kai Yesu gaban Bilatus,
Aka yi masa bulala, aka tuɓe masa sutura?
Me ya sa sai da aka ɗora wa Saminu Bakurane gungume,
Aka nufi Golgota, mata na biye da kuka da ƙara?

Wani dattijon ikkilisiya, Kaltungo:

Ɗana, wanda zai gane Golgota sai ya fara komawa wurin Musa.

Buɗe Littafin Firistoci, ka duba sura ta 16,
A can aka shimfiɗa ka'idar Ranar Kafara.
Babban firist yakan shiga bayan labule da jini,
Ba kullum ba, sai rana ɗaya tak a shekara.
Bunsuru biyu ake kawowa, a jefa musu kuri'a,
A yanka ɗaya, ɗayan kuwa shi ake kora.
Firist ya ɗora masa hannu biyu, ya furta laifin jama'a,
Ya tafi da shi jeji, inda ba gari ba karkara.
Ana koya wa Isra'ila cewa zunubi yana da nauyi,
Ba ya gushewa don an kau da kai, an ƙi lura.
Bulus ya gaya wa Romawa hakkin zunubi mutuwa ne,
Ibraniyawa 9:22 ta ce in ba jini, ba gafara.
Amma jinin bijimai da awaki bai isa ya kawar da shi ba,
Shi ya sa a yanka bana, baɗi kuma a ƙara.
Ranar da Yahaya Maibaftisma ya ce ga Ɗan Rago na Allah,
A ranar aka ga wanda hadayun nan ke wa ishara.

Wata uwa daga Zumuntar Mata, Billiri:

Baba ya kawo Nassi, ni kuma zan kawo abin da muke gani a gidajenmu.

Malam, ka dubi abin da kan faru a bakin rumbu,
Mace ta ranci buhun dawa wurin maƙwabciya da bazara.
Kaka ta yi, gonarta ba ta ba da abin biya ba,
Mai dawa ta dube ta, ta ce ta yafe, ta haƙura.
Bashi ya faɗi, amma buhun bai koma rumbu ba,
Wadda ta yafe ɗin ita ce ta ɗauki asara.
Ita ce za ta rage mudun awo a gidanta,
Ta tsinka tuwon dare har sabuwar dawa ta fara.
Kolosiyawa 2:14 ta ce takardar bashin da ke kanmu,
Allah ya kafe ta a gicciye, bai bar mana saura.

Malamin makarantar Lahadi, Gombe:

Mama, misalinki ya shiga zuciyata, sai dai akwai wurin da har yanzu nake neman haske.

Ezekiyel 18:20 ta ce mai zunubi shi ne zai mutu,
Ɗa ba ya ɗaukar laifin uba, ko a wace sura.
To, ina adalci, da aka saki Barabbas mai kisankai,
Marar aibi kuwa aka kashe shi, mai laifi ya tsira?

Dattijon ikkilisiya, Kaltungo:

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, ban kuwa ga laifinka da ka yi ta ba. Da Allah ya kamo wani bawa can daban ya ɗora masa laifinmu, da zalunci ne, amma ba haka Nassi ya faɗa ba.

A Yahaya 10:18 Yesu ya ce ba mai karɓe ransa,
Da yardarsa ya ba da shi, ba kamu ba ne ko ɗaura.
2 Korantiyawa 5:19 ta ce Allah ne cikin Almasihu,
Yana sulhunta duniya da kansa, yana gyara.
Wanda aka saɓa wa shi ne ya tsaya a wurin mai laifi,
Adalci bai faɗi ba, jinƙai ma bai makara.
Ishaya 53 ta ce an soke shi saboda laifofinmu,
Ƙarnuka kafin a ji muryar masu bishara.
Duhu ya rufe ƙasa duka tun daga sa'a ta shida, wato tsakar rana,
Bai yaye ba sai da aka kai sa'a ta tara.
Yesu ya ce, Ya Allahna, don me ka yashe ni,
Da kalmomin Dawuda na sura ta 22 a Zabura.
Ya ce an gama, labulen Haikali kuwa ya tsage,
Daga sama har ƙasa, ba sauran tsayawa a jira.

Wata 'yar ƙungiyar mawaƙa, Tula:

Baba, Mama, ku ba ƙaramarku izini ta ƙara abin da bai kamata a bari ba.

Ɓarawon da aka gicciye a gefen Yesu ba shi da sauran aikin lada,
Hannuwansa a kafe, abin da ya rage masa shi ne kira.
Ya ce, Yesu, ka tuna da ni, aka amsa masa nan take,
Yau kana tare da ni a Firdausi, haka ya tsira.
Yusufu na Arimatiya ya roƙi jikin wurin Bilatus,
Ya sa shi a sabon kabari kafin Asabaci ta fara.
Bulus ya ce da Almasihu bai tashi daga matattu ba,
Da muna nan cikin zunubanmu, bangaskiyarmu asara.
Ya tashi a rana ta uku, ya bayyana ga Bitrus da sha biyun,
Sannan ga 'yan'uwa fiye da 500 da wuri ɗaya ya tara.