Kukar lantarki ta cikin kantar kicin: a soket zan jona ta ko yaya?

Uwargida Hotoro: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Maigida ya sayo mana kukar lantarki irin ta gilashin nan da ake nutsa ta cikin kantar kicin, mai kai huɗu, a jikin kwalin an rubuta wat 6,000. Kantar tamu giranit ce, ƙasan wurin kuma durowar cokula ce. Kafinta ya ce shi zai yanka ya saka, sai a sa mata filogi a jona a soket ɗin firij. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Soket ɗin zai ɗauka? Kuma durowar sai an cire ta?

Anti Mai Abincin Sayarwa: Wa alaikumus salam. Hajiya ki koma gas kawai, yaushe aka kawo wutar ma balle a yi girki da ita.

Baban Yara: Masha Allah, Allah ya sa albarka. Nawa ya sayo ta?

Mai Wayarin: Hajiya kar ki yarda. Soket ɗin gida amp 13 ne, iyakarsa wajen wat 3,000, taki kuwa in kin kunna kai huɗun tana jan kusan amp 26. Layinta daban za a jawo mata tun daga akwatin bireka, waya mai kauri 6mm, bireka amp 32, da makunni na kuka a bango ɗan gefe, ba daidai saman wuta ba. Wayar ƙasa, wato ta kariya daga jan wuta, ita ma dole ce. Kafinta aikin katako ya sani.

Maman 'Yan Biyu: Wallahi ina karanta wannan gabana ya faɗi. Mu haka aka yi mana a gidan haya, wani yaro ya zo ya ce ai ba komai wayar bango za ta ɗauka, ya jona ta a soket ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Da farko lafiya lau don kai ɗaya nake kunnawa. Ranar sunan ƙanwata na ɗora tukwane uku, sai na riƙa jin ƙauri kamar ana ƙona leda, na duba tukwane ba komai, ashe wayar ce ke narkewa a cikin bango, kafin in ankara soket ya yi baƙi hayaƙi na fita ta bayan kabinet, ga yara a falo. Maƙwabcinmu ne ya ruga ya zare fis. Da aka fasa bangon sai ga siririyar waya, ita ma ba jan ƙarfe ba ce, an kankare ta da wuƙa sai ga fari a ciki. Mai gida ya ce mu muka jawo, mu muka biya fasa bango da tayil da sabon wayarin, shekara na cika kuma ya ba mu notis. Yaron nan har yau in na kira shi ba ya ɗagawa.

Baban Yara: Innalillahi. Allah ya tsare gaba Maman 'Yan Biyu. Amma mai gidan nan bai kyauta ba, ai wayarsa ce jabu.

Maman 'Yan Biyu: Ka bari kawai Malam, har gaban mai unguwa muka je.

Amarya 2023: Ni dubu 15 aka yanka min giranit, da injin yanka da ruwa, ko tsagewa bai yi ba.

Dan Zariya: Dubu 15 a ina? Ni dubu 40 na biya, kuma sai da ya fasa min kusurwa ɗaya. Sai dai in naki mabul ne na roba.

Injiniya: 6mm ba koyaushe ba ne, ya danganta da nisan kicin daga bireka, in da nisa sosai a ƙara kauri. Kuma a saka na'urar nan da ke katse wuta da zarar ta fara zurarewa, bireka kaɗai ba ya hana wuta ta ja mutum.

Mai Wayarin: Ranka ya daɗe wannan na takarda ne. Mu da muke hawa silin kullum mun san gidajen nan, wane kicin ne ya yi nisan da 6mm ba za ta kai ba?

Injiniya: Wanda ya yi wa Maman 'Yan Biyu aiki ma ai silin yake hawa.

Dan Zariya: Hhhh Injiniya ka gama da shi. Ni matata tun da aka saka mana tamu take goge ta safe da yamma, girki kuma a gawayi a tsakar gida. Madubi muka saya.

Amarya 2023: Hajiya ki duba ko indokshan ce, wato kukar da ke dafawa da ƙarfin maganaɗisu, in ita ce tukwanen alminiyam ɗinki duk ba za su yi ba. Ki manna mayen ƙarfe a gindin tukunya, wadda ya kama ita ce za ta dafa. Ni na garata kaf sai da na ajiye su.

Anti Mai Abincin Sayarwa: Ku dai lissafa kati. A Afrilun 2024 aka kai 'yan Band A, wato waɗanda aka ce za a riƙa ba wuta awa 20 a rana, naira 225 kowane yunit, ko da aka ɗan rage a shekarar ai bai sauko ƙasa da 200 ba. Babban kai ɗaya awa guda ya kusa cinye yunit biyu, to ki ɗora wake ki gani.

Baban Yara: Ku da kuke da mita ma ku gode Allah. Mu bil ɗin ƙiyasi ake kawo mana, an ce awa 20 za a riƙa ba mu, taransifomarmu kuwa tun kafin azumi ta ƙone mu muka yi karo-karo, kuma ƙarshen wata sai ga takarda a ƙofa.

Uwargida Hotoro: Na gode ƙwarai, na faɗa wa maigida batun layin. To maganar durowar fa?

Dan Zariya: Baban Yara nawa kowane gida ya bayar a layinku? Mu har masu shago aka sa wa ninki biyu, kuma da aka kawo wutar ko fanka ba ta juyawa.