Ƙaramar makarantar Kirista a Yamai: me ake dubawa kafin a kai yaro?

Baban Ɗalibi, Tawa:

Salama gare ku ƴan'uwa. Yaron gidanmu ya samu bak, wato ya ci jarrabawar gama lise, bana, dattawan ikilisiya kuma sun ba da shawara a kai shi wata ƙaramar makarantar gaba da lise ta Kirista a Yamai, mai ɗakin kwana, a madadin babbar jami'a. Takardar tallarsu ta ce kusan duk ɗalibansu suna cin jarrabawa, ga hoton ƙungiyar mawaƙa, ga kofin ƙwallo. Ta yaya mutum zai gane ko nasarar nan ta gaske ce? Yaya zaman ɗalibi yake a irin wurin nan, kuma da wane kaya ya kamata ya tafi? Tsakanin Tawa da Yamai ya fi kilomita 500, ba tafiyar da za a riƙa yi kowane wata ba ce.

Tsohon Mushe:

Baba, barka da arziki, Allah ya sa wa karatun albarka. Ku ajiye takardar tallar nan gefe tukuna, ku fara da takardun gwamnati. Makaranta mai zaman kanta a Nijar tana buƙatar izini iri biyu, na kafawa da na buɗewa, kowanne arete ne, wato takardar hukuncin minista, mai lamba da kwanan wata. Ku ce a nuna muku su, ku ɗauki hotonsu da salula. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne fanni. Makaranta za ta samu izini a kan lissafin kuɗi, bayan shekara biyu ta ƙara wani fanni ba ta koma ma'aikatar ilimi mai zurfi ba. Ginin halal ne, amma takardar wannan sabon fannin ba ta da gindin zama. Saboda haka sunan fannin da yaron zai karanta za ku nema a jikin arete ɗin, ba sunan makarantar kaɗai ba.

Sai irin takardar da za a ba shi. BTS na gwamnati, takardar karatun sana'a bayan bak, shekara biyu ne, jarrabawar ƙasa ce, ba malamansa za su yi masa gyara ba. Lisansi shekara uku ce a tsarin LMD (lisansi, masta, dakta), zango shida, kowane zango kiredi 30, jimilla 180, kuma makarantar ce ke ba da ita da kanta. A nan ne CAMES ke shigowa, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska da aka kafa a Yamai a 1968, mai hedkwata a Wagadugu. Difloma-difloma take amincewa da su ɗaya bayan ɗaya, ba makaranta ɗungurungum ba, amincewar kuma tana da wa'adi, sabuntawa ake yi. Wanda ya ce muku "mu ƴan CAMES ne", ku tambaye shi wace difloma, wace shekara. In yaron yana da niyyar masta a Jami'ar Abdou Moumouni, ko ya dawo gida Jami'ar Djibo Hamani, ku je sashen da zai nema tun yanzu ku ji ko suna karɓar lisansin makarantar.

Batun "kusan kowa ya ci", lissafi ne mai sauƙi. A ce ɗalibi 40 suka shiga shekarar farko, makaranta ta tace ta gabatar da 25 ga jarrabawa, 20 suka ci. A allon talla za a rubuta kashi 80 cikin 100, alhali cikin waɗanda iyayensu suka biya kuɗi rabi ne suka fita da takarda. Ku nemi lamba uku na shekara uku a jere: nawa suka shiga, nawa aka gabatar, nawa suka ci. Makarantar da ke da gaskiya ba ta jin nauyin buɗe rajista.

Dosiye kuwa sananne ne: takardar haihuwa, takardar ɗan ƙasa, shaidar bak da takardar maki, da ƙananan hotuna. Kofi ake kaiwa bayan an buga musu hatimi a meri ko kwamisariya, na asali su zauna gida cikin leda. Ku jera takardun a kan tabarma ku karanta sunan harafi-harafi. In takardar haihuwa ta rubuta sunan uba da "ou", shaidar bak ta rubuta da "u", ko ranar haihuwa ta bambanta, a gyara tun yanzu. Ranar karɓar difloma ko shiga konkur ɗin aikin gwamnati wannan harafi guda zai tsayar da komai, gyaransa kuma sai an bi ta kotu.

Mai Kula da Ɗakin Kwana:

Baba, ni ta wajen kwana da ci zan shigo, don a nan yara suka fi karyewa, ba a aji ba.

Ku fara tambayar unguwar. In a Harobanda makarantar take, ko wani wuri kusa da kogi, ku duba bangon waje ko akwai layin da ruwa ya bari. A 2020 kogin Isa ya cika ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Saga, har makarantar Sahel Academy ta ƴan mishan ruwa ya mamaye ta. Ɗakin da ya taɓa shan ruwa ana gane shi da gishirin da ke fitowa a ƙasan bango da ƙyauren da ya kumbura. Sannan ku ƙirga gadaje da bayi. Mutum huɗu a ɗaki mai taga biyu masu kallon juna ana iya zama. Mutum takwas ƙarƙashin kwano ba silin, a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, ba barci ba karatu. Cunkoso kuma shi sanƙarau ke so a watannin rani, don haka a duba katin rigakafin yaron kafin ya taso.

Shekarar karatu tana farawa wajen Oktoba, daidai lokacin da sauro bai gama cin kasuwarsa ba. Sange mai magani shi ne kaya na farko, da igiya da ƙusa huɗu, don gadajen sama da ƙasa ba su da inda ake ratayawa. A faɗa masa da babbar murya: in jiki ya yi zafi a je likita a yi gwajin yatsa a ranar, kada a sha farasitamol kwana uku ana jira. Ku tambaya wace likita ce mafi kusa, kuma wa ke da makullin mota da dare.

Ruwa: ku lissafa bido mai lita 20 ga kowane mutum a rana, wanka da wanki da sha, wato ɗaki mai mutum huɗu lita 80. Famfo yakan yi rauni da rani, wani lokaci sai tsakar dare yake zuwa. Makarantar da ke da shato ko rijiyar burtsatse ta huta. In babu, yaro ya tafi da bido biyu da bokiti mai marfi. Ruwan ƴan garuwa in za a sha, a jefa ƙwayar Aquatabs irin ta lita 20, a jira minti 30.

Wuta ita ce babbar rigima lokacin jarrabawar zango na biyu, don ɗaukewarta ta fi yawa da zafi. In makarantar ba ta da gurup ko sola, iyayen yara huɗu suna iya haɗa kuɗi. Ga lissafin ɗaki guda: fanka biyu masu bolt 12, kowace wat 20, awa 8, ya kama wat-awa 320. Ƙwan fitila biyu masu wat 5, awa 5, ya kama 50. Cajin salula huɗu kamar 60, kwamfuta biyu kamar 120. Jimilla wajen 550 a rana. Batir mai bolt 12 da ampa-awa 100 yana ɗaukar wat-awa 1,200, amma irin na dalma rabi kawai ake ci in ana so ya daɗe, wato 600, ya isa ke nan da ƙyar. Faranti mai wat 200 zai cika shi, da regilate, na'urar daidaita caji, mai ampa 20 a tsakani. Abu biyu ke kashe wannan kaya. Na farko yaro ya jona dutsen guga ko abin dafa ruwa, batir ya zube a dare ɗaya. Na biyu ƙurar hunturu ta rufe farantin ba mai gogewa. A goge da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi.

Abinci kada ku tsaya ga "ana ba su". Sau nawa a rana, har da Lahadi? Lokacin hutun Kirsimeti da na Paska kicin yana aiki ga waɗanda ba su tafi gida ba? Yawanci shinkafa da wake ne da tuwo, nama jefi-jefi. Daga Tawa a ɗaura masa garin rogo, ƙuli-ƙuli, yaji, sukari da busasshen zogale, su ne ke tsayar da ciki ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Da kwaɗo mai kyau na akwati. Makarantar Kirista ce, amma ba mala'iku ke kwana ciki ba.

Malamin Tauhidi:

Mushe ya yi magana mai kyau, sai dai akwai gyara guda. Baba bai faɗa mana fannin ba. In makarantar tauhidi ce, irin ESPriT a nan Yamai ko makarantun Littafi Mai Tsarki na ikilisiyoyi, ma'aunin ya ɗan bambanta. Tambayar farko ita ce ko ikilisiyarku, EERN ce (Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar) ko wata, tana karɓar takardar wajen ɗaukar ma'aikaci da naɗa fasto. Ta biyu, ko makarantar tana cikin CITAF, majalisar makarantun tauhidi na ƙasashe masu Faransanci, don ta nan ɗalibi ke samun hanyar ci gaba a manyan makarantun tauhidi kamar FATEB a Bangi ko FATEAC a Abijan. Wanda kuma ya karanta tauhidi yana sa ran konkur ɗin gwamnati, a gaya masa gaskiya tun farko cewa hanyoyin biyu ne.

Yini a irin makarantun nan kusan ɗaya ne. Sujadar safe kafin aji, darasi har azahar, hutun rana, aikin tsabta ko lambu da la'asar, karatun dare, sannan a rufe ƙofa a lokacin da doka ta sa. Ranar Lahadi ana rarraba ɗalibai majami'u, wani ya koyar da yara, wani ya fassara wa'azi daga Faransanci zuwa Hausa ko Zabarmanci. Ku karɓi littafin doka ku karanta tare da yaron kafin a sa hannu: sujada dole ce ko ganin dama, me ake kora a kai, wa ke ba da izinin kwana waje. Makarantun da ke koyar da fannonin boko sukan ɗauki ɗalibai Musulmi ma, zaman kuma yakan yi daɗi in doka ta fito fili a kan lokacin salla da abincin azumi.

Amfanin ƙaramin wuri shi ne malami ya san sunan kowa. Yaro ya yi fashi kwana biyu, za a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Illarsa kuma malamai. Da yawa na haya ne daga manyan jami'o'i, sukan tattara darasin zango guda su zuba shi cikin sati biyu, ɗalibi ya haddace ya zubar. Ku tambaya malamai nawa ne na dindindin, kuma darasi nawa aka ɗage bara don ba a samu mai koyarwa ba.

Kofin ƙwallo da mawaƙa ba abin rainawa ba ne, yaro mai kunya a nan yake koyon tsayawa gaban jama'a. Amma in kuna son ganin aikin makaranta, ku shiga ɗakin karatu ku ce a ba ku memuwar, wato kundin binciken gama karatu, guda uku na waɗanda suka gama. Ku buɗe tsakiya. In an yi maganar wata unguwa ko wani ƙauye da sunansa, an yi hira da mutane, an ƙirga wani abu, to an yi aiki. In shafi goma sun wuce ba a ambaci Nijar ba, daga intanet aka kwaso. Ku duba kuma tsawon lokacin da ke tsakanin gama aji da sutanansi, wato kare memuwar a gaban malamai, don akwai masu gama darasi su shekara biyu suna jiran malamin da zai duba musu. A makarantar tauhidi ku ga ko ana koyar da Helenanci da Ibrananci da gaske, kuma ko ana sa ɗalibi wa'azi da Hausa. Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932, amma sai ka ga mai lisansi ya iya bayani da fassarar Faransanci ta Louis Segond, a sa shi gaban tsofaffi a Galmi ko Madawa harshe ya ɗaure.

Baban Ɗalibi, Tawa:

Na gode ƙwarai, Ubangiji ya saka. Fannin lissafin kuɗi ne, ba tauhidi ba. Sun faɗi kuɗin shekara dunƙule, sun ce ana biya kashi uku. Akwai abin da ke ɓoye a ciki?

Tsohon Mushe:

Akwai, Baba. Ku ce a rubuta muku shi dalla-dalla a takarda mai hatimi: kuɗin rajista, na karatu, na ɗaki, na abinci, na rigar makaranta in akwai. Waɗanda ba a faɗa sai an shiga su ne kuɗin dosiyen BTS, kuɗin zaman ratirafaji, wato sake jarrabawa, ga wanda bai kai 10 bisa 20 ba a wani darasi, kuɗin sutanansi da buga memuwar kofi da yawa, da kuɗin fitar da difloma. Ku tambaya ranar ƙarshe ta kowane kashi, da abin da ake yi wa wanda ya makara, don wasu sukan hana shiga jarrabawa, zango guda ya tafi saboda jika kaɗan. In ikilisiya ta yi alkawarin tallafi, a rubuta ko nawa ne, na shekara nawa, kuma ko akwai sharaɗin yi mata aiki bayan gamawa. Ku ji kuma ko makarantar tana karɓar masu bursin ANAB, hukumar gwamnati mai ba ɗalibai tallafin karatu.

Tun da lissafin kuɗi ne, ku leƙa ɗakin kwamfuta ku ce a kunna su a gabanku, ku ƙirga masu tashi. Ku tambaya ko da tsarin lissafi na SYSCOHADA ake koyarwa, shi ne na ƙasashen OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci da Nijar ke ciki, kuma wa ke nemo wa ɗalibi wurin staji, makaranta ko iyaye. Kowane biya a yi shi a banki ko a kes ɗin makaranta, ba a hannun mutum ba, ko da dattijon ikilisiya ne. Yaron ya ɗauki hoton rasit ya turo muku ta WhatsApp a ranar, na takardar kuma ya shiga ledar da ke ƙasan akwati.